Lallen da Ya Kusa Cinye Digirin Priskila

Priskila 'yar Baba Yosiya mai hoto ce. In kana cikin waɗanda suka nemi aikin gwamnati lokacin da aka ƙirƙiro jihar Nasarawa, ko ka taɓa cike fom ɗin wata ma'aikata a Abuja a shekarun nan, to da wuya in ba shi ya ɗauke ka hoton fasfo ba. Shagonsa na bakin titi a Gangaren Tudu, nan cikin Keffi, gidansa na bayan shagon, katanga ɗaya ta raba shi da namu. Ni ce Huraira, unguwarzoma. Ni na yanke wa Priskila cibiya, saboda haka ina da hurumin faɗin komai a kanta, har da abin da ba za ta so a faɗa ba.

Tun tana ƙarama yarinya ce mai tambayar tsiya. Sauran yara suna waje suna 'yar gala-gala, ita tana maƙale a ɗakin wanke hoton babanta, inda babu haske sai wani jan ƙwan lantarki guda ɗaya. Wata rana na ji ta ta katanga tana cewa, "Baba, me ya sa farin haske ke ɓata hoto, ja kuma ba ya ɓatawa?" Baba Yosiya ya ce haka kamfani suka yi abinsu. Ba ta yarda ba, kuma ba ta ɓoye masa ba. Daga nan ta koma kan tocilata. Sai ta kifa tafin hannunta a kan gilashin, ta kunna, ta tsaya tana kallon yatsunta sun yi jawur kamar ta ga abin da ba a taɓa gani ba. Na rasa yawan batirin da yarinyar nan ta ƙarar mini, na kuma rasa yawan ranƙwashin da ta sha a kai.

Garin ya canja a kan idonmu. Ma'aikatan Abuja da haya ta kora suka cika unguwanni, motoci suka fara jerin gwano tun da asuba, aka buɗe jami'a, gonakin gefen hanya suka koma filaye. Wayar hannu mai kyamara ta zo ta kashe sana'ar Baba Yosiya, ya mai da shagon wurin fotokofi da ɗinke takardun ɗalibai. Priskila kuwa ta karanta Fiziks, ta yi digiri na farko da na biyu, ta kama koyarwa a wata sakandare. 'Yan ajinsu duk suka watse bankuna da kamfanonin waya a Abuja, suna dawowa ƙarshen mako da ƙamshin turare. Ita ta je ta yi rajistar digirin dakta, a fannin da ta ce sunansa bayofotoniks. Da na ce ta yi mini Hausa, sai ta ce ilimin haska jikin mai rai ne, a karanta abin da ke ciki ba tare da an huda ba.

In za a bi gaskiya, ni na jefa ta cikin wannan wahala. A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti a yankin Garaku, ba mu da ɗakin gwajin jini. Mai ciki ta zo awo, mu ɗebi jininta, mu aika Keffi, sakamako ya dawo bayan kwana uku ko huɗu, ita kuma ta koma ƙauye, wata ba za mu sake ganinta ba sai an kawo ta a kwance. A aikinmu, in jinin mai ciki ya gaza talatin a ma'aunin gwaji mun fara sa ido, in ya kusanci ashirin babu zama. Kullum ina wannan mita a tsakar gida. Ran nan Priskila ta ce, "Mama, in na yi miki abin da zai gaya miki a take fa, ba allura?" Na ce ta yi, in ta yi ni zan fara kiran ta Dakta.

Ta yi kuwa. Wata 'yar na'ura ce kamar akwatin sabulu, da baki irin na fegin shanya, ana maƙala shi a kan yatsa. Ƙananan fitilu biyu ne a ciki, kore da ja. Jini yana shanye koren haske, don haka gwargwadon yawan jini gwargwadon ƙarancin hasken da zai ratsa ya fita ta ɗaya gefen. Na'urar ta auna, ta yi lissafinta, lamba ta fito a fuskarta. Ta gwada a kanta, ta gwada a kan ɗalibanta mata, ta gwada a kan Baba Yosiya har ya fara ɓoye hannu in ya hango ta.

Tsarin aikinmu shi ne, ita tana aji Litinin zuwa Juma'a, ni ke awo Talata da Alhamis. Duk matar da ta amince, in goge mata yatsa, in maƙala na'urar, in rubuta lamba a fom, sannan in ɗebi jini in aika gwaji kamar yadda aka saba. Ran Asabar Priskila ta karɓi fom-fom ɗin ta kwatanta lambobin biyu. Shekara uku muna haka, mata fiye da ɗari shida. Mafi yawansu lambar na'ura da ta gwaji suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Amma akwai mata casa'in da na'urar ta sharara wa ƙarya, kuma ƙaryar duk iri ɗaya ce: mace jininta ashirin da biyar, na'ura ta ce talatin da biyar.

Malamin da ke duba aikinta, Farfesa Zailani, dattijo ne mai sanyin magana, amma in ya ce a'a ko tsawa ba ta motsa shi. Ya ce mata na'urar da za ta dubi mara lafiya ta ce lafiyarta ƙalau, shi ba zai sa hannu a kanta ba. Ko ta gano dalilin ƙaryar ta gyara, ko kuwa aikin ya tsaya a nan. Ga shi wa'adin karatunta saura wata biyar, kuma ta riga ta ci ƙarin lokacin da ake bayarwa. In wa'adin ya cika babu sa hannun Farfesa, shekarunta sun tafi kenan, babu digiri.

Babu abin da yarinyar nan ba ta zarga ba. Ta zargi batir, ta canja. Ta zargi zafi, ta sa na'urar a randa ta fitar ta sa a rana. Ta zargi hasken tagar ɗakin awo, ta ɗinka wa bakin na'urar baƙar riga. Ta yi sati biyu tana zirga-zirgar Abuja inda wani ɗakin bincike ya ara mata kayan aunawa, aka tabbatar mata fitilunta ba su da laifi. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo, amma ko sau ɗaya ban ji ta ce abin ba zai yiwu ba. Kullum maganarta ɗaya ce, haske ba ya ƙarya, akwai dai abin da ke tare shi.

Ni ce na gaji kafin ita. Na same ta na ce, "Ke Priskila, mata ɗari biyar da ɗoriya sun yi daidai. Ki zare casa'in ɗin nan ki jefa a masai. Wa ya ƙirga? Fom ɗin a hannuna yake, ni kuma bakina alekum."

Ta dube ni kamar ba ni na yanke mata cibiya ba. Ta ce, "Mama, in na zare su daga takarda, ai ba su fita daga layin awonki ba. Gobe ma za su zo."

Na ji haushi, na kwashe kwanona na fita, kwana biyu ban amsa gaisuwarta da kyau ba. A raina na ce taurin kai ne irin na 'yan boko, su ga hanya a share su ce sai sun bi ta ƙaya.

Ran Asabar da hantsi zuciyata ta sauko, na dama kunun gyaɗa na kai mata. Tsohon ɗakin wanke hoton babanta ta mayar wurin aiki. Na tarar ta manna kalandar shekara uku a bango, ta zagaye wasu ranaku da jan biro, tana tsaye tana kallon su. Ta ce ranakun da na'urar ta yi ƙarya ne. Ba a warwatse suke ba, cure suke wuri-wuri, amma ta kwatanta su da damina da rani, da ranakun ɗauke wuta, ba su bi ko ɗaya ba.

Ni ban san lissafi ba, amma na san gari. Na matsa kusa don in ga abin da ya hana ta shan kununa, sai bakina ya fara aikinsa. Na ce, "Wannan ai satin bayan ƙaramar Sallah ne. Wannan kuma na babba. Wannan tarin na watan goma sha biyu, lokacin da aka aurar da 'yan mata huɗu rana ɗaya a gidan mai unguwa, har awo ya kusa watsewa don kowa na gidan biki. Wannan kuwa sunan 'yan biyun nan ne, ban manta ba saboda shinkafar ta yi gishiri."

Na waiga, na ga ba kalandar take kallo ba, yatsan da nake nuni da shi take kallo. Kwana uku kafin nan an yi suna a danginmu, yatsuna duk sun sha lalle, sun yi ja har sun kusa baƙi. Sai ta kamo hannuna ta maƙala na'urar. Ni da jinina bai taɓa wuce talatin da shida ba, na'ura ta ce arba'in da tara. Ta cire, ta maƙala mini a fatar kunne, lamba ta dawo hankalinta.

"Lalle ne, Mama," ta ce. "Shi ma yana shanye koren haske. Na'urar ta ɗauka jini ne."

Na nemi wuri na zauna. A fom ɗin da ta ba ni akwai gurbin da ake rubuta ko mace ta shafa jan farce, ta samo shi daga binciken da aka yi a ƙasashen waje, kuma ban taɓa tsallake shi ba. Amma lalle? Shekara uku ina riƙe yatsun matan nan ɗaya bayan ɗaya, ina goge su da auduga, wani lokacin har ina yaba kyan zanen, ban taɓa lissafa shi a matsayin wani abu da ke kan yatsa ba. A idona hannun mace da lalle hannun mace ne kawai. Ita kuma ba ta taɓa ganin yatsun ba, lambobi kaɗai take gani, ɗalibanta da ta yi gwaji a kansu makaranta ta hana su ƙunshi. Daga baya ta gaya mini ta daɗe da lura yawancin casa'in ɗin sunayen Musulmi ne, ta yi ta tunanin azumi da abinci, ta kasa furtawa don kada a juya mata magana. Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ina ɗaliba, na ce ta yafe mini.

Ta ce in ajiye neman gafara sai an gama, yanzu ta ina ake samun mai lalle. Na kai ta wajen Zubaidatu, wadda duk amaren unguwarmu ta hannunta suke bi. Priskila ta shimfiɗa yatsu goma ta ce kowanne da irin nasa: wannan a cire bayan rabin awa, wannan bayan awa biyu, wannan ya wuni, wannan a sa masa haɗin da ke sa shi baƙi. Zubaidatu ta ce ita tun da take ba ta taɓa yi wa mutum ƙunshin hauka ba sai yau. Ran Lahadi haka ta shiga coci da yatsu kala-kala, matan zumunta suka sa ta gaba wai ta faɗi sunan angon. Ko a jikinta. Kullum safe da yamma tana auna kowane yatsa tana rubutawa, har lallen ya koɗe, ta koma aka sake mata.

Cikin wata biyu ta fito da sabuwar na'ura. Ta ƙara fitila ta uku mai hasken da ido ba ya gani, wanda lalle ba ya iya tarewa, ta kuma koya wa na'urar ta fara gane nauyin lallen ta cire shi daga lissafi. Farfesa Zailani ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya gindaya sharaɗi. Mata masu ciki arba'in, duk da sabon lalle, a auna su da tsohuwar na'ura da sabuwa a gabansa. A ɗebi jininsu a aika gwaji, sakamakon ya zo masa a rufe, shi zai buɗe bayan kwana uku. In sabuwar ta saɓa a fiye da mutum uku, ko ta yi babban kuskure ko da a mutum ɗaya ne, magana ta ƙare. Saura sati biyar wa'adinta ya cika.

Muka saka ranar a Alhamis ɗin da ta biyo bayan wani babban biki a Garaku, a gidan surukan autata Hamdiya. Ita a Mararaba take aure, can take awonta, ta zo bikin ƙanwar mijinta da cikin wata bakwai. Da muka ga mutum arba'in ba za su cika ba, na aika aka kira ta, ta zo tana dariya da kwalliyarta, hannu ya sha ƙunshi har gwiwa. Ita ce ta talatin da takwas a layi.

Na maƙala mata tsohuwar, ta ce talatin da huɗu. Na maƙala sabuwar, ta ce ashirin da ɗaya.

Na ce a sake. Priskila ta sake a wani yatsan, ashirin da ɗaya. Na ja fatar idon Hamdiya in ga ko ta yi fari, kwalli ya cika wurin, na duba tafin hannu, babu abin gani sai zane. Na ce yarinyar da ta wuni jiya tana hidimar baƙi, ina ita ina ashirin da ɗaya? Hamdiya ta ce ita dai tana ɗan jin jiri in ta miƙe, da haki, amma ta ɗauka gajiyar biki ce. In sabuwar na'urar ta yi gaskiya, 'yata na cikin haɗari. In ta yi ƙarya, ƙaryar ta yi girman da Farfesa ba zai sa hannu ba, Priskila ta tashi a tutar babu. Na tsaya da auduga a hannu, na rasa wacce addu'a zan yi.

Priskila ba ta yi wannan ruɗewar ba. Ta juya ta ce, "Farfesa, wannan ba za ta jira kwana uku ba. A kai ta Keffi yanzu."

Ya gyara tabarau ya ce, "Kin san in aka buɗe nata yau kuma ya saɓa, a gaban kowa zai saɓa, sauran ma ba sai na buɗe ba."

"Na sani, ranka ya daɗe. A buɗe."

Ta auna mata biyun da suka rage. A motar Farfesa muka tafi, ni da Hamdiya a baya, Priskila a gaba rungume da kwalin jinin. Muna shiga Keffi muka zarce ɗakin gwajin asibiti. Awa ɗaya muka yi a benci kafin mai gwajin ya leƙo da takarda, ya tambaya wace ce uwar mai cikin. Na karɓa na duba: ashirin da biyu. Kafin la'asar an ba Hamdiya gado, kafin magariba jini na shiga jikinta. Priskila ce ta fara naɗe hannun riga da aka ce ana neman wanda zai bayar, nata bai dace ba, na mijin Hamdiya ya dace.

Ran Lahadi da rana ina zaune gefen gadon, Hamdiya na cin tuwo tana mitar miyar asibiti, sai ga Priskila ta shigo da kayan cocinta. Ta tsaya a ƙofa ta ce Farfesa ya buɗe sauran, a mutum ɗaya kaɗai sabuwar ta saɓa, shi ma da kaɗan. A kan bonet ɗin motarsa ya sa wa takardarta hannu, ya ce ta shirya kare aikinta.

Na tashi na kama hannunta. Na ce, "Da kin ji maganata kin zubar da casa'in ɗin nan, da ranar Alhamis talatin da huɗu zan gani, in ce wa 'yata ta koma gidan biki."

Ta ce, "Mama, ai ke kika karanta kalandar."

Na ce ta rufe mini baki. Na juya wajen matan da ke sauran gadajen, waɗanda duk suka zuba mana ido, na ɗaga murya yadda har nas ɗin da ke waje za ta ji, na ce su gaida Dakta Priskila. Ta ce ai ba a tabbatar ba tukuna, sai ta tsaya gaban malamai. Na ce su malaman su yi nasu a lokacinsu, ni na gama nawa.